Matan Fada da Birnin Argungu: Daga Fagen Fama Zuwa Dandalin Su

Wanda ya yi sammako daga Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ya nufi Argungu ranar bikin kamun kifi, zai bi ta Birnin Kebbi, ya wuce Zauro da Ambursa da Alwasa, kafin hantsi ya dubi ludayi yana bakin gulbi. A gefen garin zai tarar da Ƙauyen Masunta, wato filin da gwamnatin jiha ta keɓe da masaukin baƙi da rumfunan 'yan kallo, ga kuma ruwan Matan Fada kwance a gabansa. Idan ana zancen wurin shaƙatawa mallakar jiha wanda sunansa ya kai ƙasashen duniya, wannan shi ne namu mafi kusa. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu cika motocin suka san cewa wannan tafiya ta 'yan sa'o'i, kakannin kakanninmu ba su isa su yi ta ba sai da sulke da kwari da baka. Garuruwan da mota ke wucewa a guje, wasunsu sansanin tsaro ne, wasu fagen fama. Kafin a gane yadda ruwan su ya zama wurin biki, sai an koma baya shekara ɗari biyar.

Kanta da Surame, 1516 zuwa 1556

Labarin baka ya ce mahaifin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, baƙo ne da ya zo ta ƙasar Katsina, shi kuwa Kanta ya tashi yana kiwon shanu, ya yi suna a dambe da kokawa har samari suka riƙa binsa. Ana kuma faɗin cewa yana da wani jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zagaya ƙasarsa a cikinsa idan gulbi ya kawo. Waɗannan duk faɗa ce ta kaka da kakanni, kuma a haka za mu riƙe su.

Abin da aka rubuta ya fara ne da littafin Tarihus Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi na Tambutu ya wallafa a tsakiyar ƙarni na 17. A ciki ya kawo cewa Kanta, mai mulkin Leka, ya raka Askiya Muhammadu na Sanwai yaƙin Agadas, da aka dawo sai rigima ta tashi a kan rabon ganima, Kanta ya yi tawaye wajen 1516. Askiya ya aiko da runduna, ba ta ci nasara ba. Wani Askiyan da ya biyo baya, Muhammadu Bunkan, shi ma ya gwada sa'arsa a shekarun 1530, ya koma da borin kunya. Daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta tsakanin manyan dauloli biyu, Sanwai a yamma, Barno a gabas.

Me ya ba ƙaramar ƙasa irin wannan ƙarfin tsayawa? A ganina amsar tana cikin ruwa. Gulbin Rima da na Sakkwato suna haɗuwa su gangaro kudu maso yamma cikin wata shimfiɗaɗɗiyar fadama, wadda a nan ake kira Gulbin Kabi. Da damina takan zama teku, da rani ta bar tafkuna da laka da ciyayi masu tsawo. Ɗan ƙasa ya san mashigi, ya san inda doki zai nutse. Baƙon mayaƙi kuwa sai ya tsaya a bakin ganga yana kallo. Fadamar ita ce rumbun shinkafa, ita ce kasuwar kifi, ita ce kuma ganuwar da ba a gina ba. Wannan magana za ta yi ta dawowa a cikin labarin nan har zuwa ƙarshen ƙarni na 19.

Kanta ya gina birane uku da aka fi ambata: Leka, da Gungu, da Surame wadda ta zama hedikwata, mai ganuwar dutse da laka zagaye bisa zagaye. Ana ba da labarin cewa Nufawa sun makara wajen zuwa aikin ganuwa, sai Kanta ya ce ba su kwaɓa ƙasarsu da ruwa sai da man kaɗe. Ko haka ta faru ko ba ta faru ba, labarin yana nuna yadda mutane suka ɗauki ikonsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya rubuta cewa Kanta ya gwabza da rundunar Barno, kuma a hanyar dawowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, aka kawo gawarsa Surame. Tarihus Sudan ya sa rasuwarsa a 1556. Abin dariya a nan shi ne, masu lissafin Hausa Bakwai sun jefa Kabi cikin Banza Bakwai, alhali a zamanin Kanta babu ɗaya daga cikin bakwai na farkon da ta kai ta ƙarfi.

Bayan Kanta daular ta yi sama da ƙarni ɗaya tana cin gajiyar sunansa, sannan ta fara zaizayewa. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace Adar. Zamfara da Gobir suka matso daga gabas. A farkon ƙarni na 18 aka bar Surame, Sarki Tomo ya mai da hedikwata Birnin Kabi, a kan tudun da ke kallon fadama. Kangon Surame yana nan har yau cikin daji a Jihar Sakkwato. Tun 1964 aka sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa. Wato jihar da ta ɗauki sunan daular Kanta ba ta riƙe da birninsa.

Gimbana, Birnin Kabi da Jega, 1803 zuwa 1831

A nan ne labarin ya shigo ƙofar gidanmu. Malam Abdussalami, Ba'are ne, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da zama ya yi masa tsanani a ƙasar Gobir, sai ya ƙaura da jama'arsa zuwa Gimbana, kusa da inda Jega take yanzu. A ƙarshen 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka auka wa Gimbana, suka kashe na kashewa, suka ɗaure sauran. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ce tartsatsin da ya kunna wutar. A Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka yi Tafkin Kwatto.

Jama'ar Shehu na bukatar abinci da wurin zama, ga kuma fadamar Kabi a gabansu. A Afrilun 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jeɗo suka ci Birnin Kabi. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, aka naɗa Usmanu Masa a madadinsa, aka kuma kafa zango a Gwandu. Kafin shekarar ta ƙare, Gobirawa da Azbinawa suka taso, Usmanu Masa ya juya ya bi su, aka haɗu a Alwasa, inda masu jihadi suka sha mummunan kashi, har abokan gaba suka kai ƙofar Gwandu kafin a mai da su baya. Alwasar nan ce muke wucewa a mota ba tare da ko waiwaye ba.

Shehu ya rasu a 1817. Abdussalami, wanda yake ganin ba a ba shi matsayin da ya dace da wahalarsa ba, ya yi tawaye a Kware, aka ci garin a farkon 1818, ya rasu da raunin da ya samu. Mutanensa suka tattara a Kalambaina suka ci gaba da turjiya, sai da Muhammadu Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi ɗauki aka ci garin wajen 1820, a nan kuma su biyun suka shirya bayan ɗan tsamin da ya shiga tsakaninsu kan gadon Shehu. Buhari ɗan Abdussalami ya yi mubaya'a ga Abdullahi a Gwandu, aka bar shi ya kafa gari a bakin Gulbin Zamfara. Garin shi ne Jega, shi ya sa har gobe ake kiran zuriyar waɗanda suka kafa shi Gimbanawa. Tun daga ranar Jega ta zama ɗaya daga cikin garkuwar Gwandu, ta kuma zama kasuwar da fatake ke sauke goro da gishiri da tufafi.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Hakimin Jega sarautarsa Sarkin Kabi ce. Na Yabo ma Sarkin Kabi ne. Sarkin Argungu kuwa, wanda ya gaji gidan Kanta, shi ma Sarkin Kabi. Sarauta ɗaya a gari uku shaida ce ta yadda aka yi ta jan rigar Kabi, kowane ɓangare yana cewa shi ke da ita.

Hodi bai sallama ba. Ya shafe kusan shekara ashirin yana yaƙin sunƙuru daga wannan gari zuwa wancan, har aka rutsa da shi a Kimba, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Jega, aka kashe shi wajen 1826. Ɗan'uwansa Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, ya ɗauki tutar, ya kafa sansani a Argungu. Masu faɗa sun ce sunan garin ya samo asali ne daga kiran da Kabawa ke yi wa juna na su yi gungu, wato su taru wuri ɗaya. Hasashe ne na baka, amma ya dace da halin da suke ciki. A 1831 Sakkwato da Gwandu suka haɗa ƙarfi suka kewaye Argungu. Garin ya miƙa wuya, Karari ya tsallake gulbi, aka bi shi aka cim masa. Ruwaya ta ce da ya ga babu mafita, sai ya sauka daga doki ya zauna a kan garkuwarsa yana jiran ajali. Ɗansa Yakubu Nabame ya faɗa hannu, aka kai shi Sakkwato. Duk wanda ya duba al'amarin a wannan shekara zai ce an rufe littafin Kabi.

Daga Nabame zuwa Sama, 1849 zuwa 1903

Yakubu ya zauna a hannun Sarkin Musulmi kusan shekara 18, ba a kurkuku ba, a fada, ana girmama shi amma ana sa masa ido. Masu tarihi sun kawo cewa a wani yaƙi a ƙasar Zamfara ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, saboda haka Aliyu ya sake shi ya koma gida. A 1849 ya ɗaga tuta a Argungu. Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya, cikin ɗan lokaci Gwandu ta rasa mafi yawan ƙasarta ta yammacin gulbi.

Muna da shaidar gani da ido daga wannan zamani. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Gwandu a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Ya tarar da gari cikin fargaba, hanyoyi sun lalace, ana jin tsoron Kabawa har kusa da ganuwa. A Gwandun nan ne kuma aka ba shi aron kwafin Tarihus Sudan, ya zauna ya kwashe abin da ya iya kwashewa, ta haka Turai ta fara sanin littafin. Ikon Allah, littafin da ya adana labarin tawayen Kanta yana ajiye a garin da jikokin Kanta suka hana barci.

Yaƙin ya ci sarakuna a ɓangarori biyu. Kibiya ta kashe Yakubu Nabame a 1854. Ƙanensa Yusufu Mainasara ya gaje shi, aka kashe shi a 1859. Shekara ɗaya bayan haka, a 1860, Sarkin Gwandu Haliru ya faɗa tarkon Kabawa a fadama kusa da Tilli, shi ma bai koma gida ba. Gajiya ta sa aka zauna. A 1867, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga: Sakkwato da Gwandu suka amince da cin gashin kan Argungu, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Shekara takwas aka yi ana noma da fatauci cikin kwanciyar hankali, a 1875 aka koma gidan jiya.

Mu tsaya mu dubi abin da wannan yake nufi ga talaka, domin littattafai sun fi son lissafa sarakuna. Manomin da ke ƙasar Gwandu, ko a Aliero yake ko a ƙauyukan da ke kewayen Jega, yana fita gona ne da sanin cewa mahara na iya ɓullowa. Bakabe mai su a fadama shi ma haka. Wanda aka kama, bauta ce makomarsa. Garuruwa suka takure cikin ganuwa, gonakin nesa suka koma daji. Kuma mutanen nan harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, da yawa ma jininsu ɗaya, domin akwai Kabawa birjik a ƙarƙashin Gwandu, akwai kuma Gimbanawa 'yan asalin ƙasar Arawa da ke yaƙar 'yan'uwansu Arawa. Duk wanda ya ce maka wannan yaƙin Fulani da Haɓe ne kawai, ya taƙaita abin da ba ya taƙaituwa.

A 1883 Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda aka fi sani da Sama, ya hau gado. Shi ne mayaƙin da Argungu ta fi alfahari da shi bayan Kanta. Ana cewa ya ci garuruwa casa'in; adadin na bakin maroƙa ne, amma tsoron da ya jefa a zukata gaskiya ne. Bafaranshe Monteil ya ratsa ta Argungu a 1891 a kan hanyarsa daga Sayi zuwa Sakkwato, ya ga gari mai ganuwa da sarki mai jin kansa. Wajen 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya tara runduna daga sassan daula ya nufo Argungu da niyyar gamawa da ita. Sama ya fito ya tarbe su a fili, ya watsa su. Daga nan ba a sake yunƙurin cin garin ba.

Turawa suka tarar da al'amarin a haka. Sama ya lissafa, ya ga abokin gabar abokin gabarsa ya iso, sai ya karɓi Ingilishi ba tare da yaƙi ba, suka ajiye soja a Argungu. Daga can wata ƙungiya ta fita ta haɗu da rundunar da ta taso daga Kano, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Amma ladan da Argungu ta samu bai kai yadda ta zata ba. Da Ingila da Faransa suka ja iyaka, ƙasar Zabarma da wani yanki na Dandi da na ƙasar Arawa, waɗanda suka yi shekara hamsin suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Kabawa, suka faɗa ɓangaren Faransa, mafi yawansu yau suna cikin Jamhuriyar Nijar. Argungu ta zama masarauta ɗaya cikin Lardin Sakkwato. Hedikwatar Gwandu kuma aka mai da ita Birnin Kebbi a 1906, wato tsohon birnin Hodi.

Ziyarar 1934

An ajiye makamai a 1903, amma zukata ba su huce ba. Sama ya rasu a 1915. Sai da aka yi shekara 31 da cin Sakkwato kafin wani Sarkin Musulmi ya taka Argungu da sunan zumunci. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, aka shirya masa gagarumin su a gulbi. Daga wannan rana ake lissafin bikin da muka sani.

Sun kansa ya girmi 1934 nesa ba kusa ba. Kabawa suna da al'adunsu na ruwa tun kafin jihadi: gyaran ruwa, da fashin ruwa, da gyaran gari, da shan kabewa. Fashin ruwa shi ne buɗe kamun kifi na shekara. Akwai wuraren da ake hana taɓawa wata da watanni, sai Sarkin Ruwa ya duba ya ba da izini, sannan jama'a su faɗa gaba ɗaya. Masunta sun yi imani cewa shi ke sallamar kadoji su kauce kafin a shiga. Wannan imaninsu ne. Abin da ba ya bukatar imani shi ne hikimar da ke cikin dokar: ruwan da aka bari ya huta, kifinsa yakan girma ya hayayyafa. Abin da masana kiwon kifi ke koyarwa yau a jami'a, Sarkin Ruwa yana aiwatar da shi tun ba a san boko ba.

Zaɓen su a matsayin abin tarbar baƙon ma akwai basira a ciki. Da hawan dawaki da masu aka shirya, da kirarin mazan jiya ya tashi, kuma kowa ya san a kan wa aka yi waɗannan kirari. Su kuwa ba ya tuna wa kowa gawar kakansa. Ga shi kuma ya nuna wa baƙo ainihin abin da Kabawa ke taƙama da shi: dubban maza da homa a hannu da gora a ƙirji, suna rufe ruwan da ya hana dawakin Sakkwato wucewa. An yi zumunci, an kuma isar da saƙo, ba wanda ya ji kunya.

Hukuma ta shigo, 1942 zuwa 2009

A 1942 sarki ya tashi daga tsohon gidan sarauta ya koma sabo. Ranar 1 ga Yuli, 1958 aka buɗe tsohon gidan a matsayin Gidan Tarihi na Kanta, inda aka tara masu da takubba da sulke da tambura da kayan su, a nan kuma kaburburan sarakunan Argungu suke. Ana yawan rubuta cewa Yakubu Nabame ne ya gina gidan a 1831. Mai karatu da ya biyo mu zai ga inda gizo ke saƙa: 1831 ita ce shekarar da aka kashe mahaifinsa aka tafi da shi Sakkwato, bai dawo da iko ba sai 1849. Ya kamata masu kula da gidan su daidaita wannan lissafi.

Bikin ya fara a hannun masarauta da hukumar En'e. Bayan an ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967, gwamnati ta sa hannu sosai. A 1970, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaban Nijar Diori Hamani, Bazabarme daga ƙasar da iyakar Turawa ta yanke daga Argungu. Daga shekarun 1970 aka shiga gine-gine a bakin Matan Fada, masauki da rumfuna da filin baje kolin amfanin gona, har wurin ya zama Ƙauyen Masunta. Sarkin Kabi Muhammadu Mera, wanda ya yi mulki daga 1959 zuwa 1996, shi ya ga wannan sauyi tun daga farkonsa. Wurin ya bi Jihar Sakkwato a 1976, sannan ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, aka haɗa Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru a inuwa ɗaya. Tun daga ranar, harajin ɗan Maiyama da na ɗan Aliero yana cikin abin da ake gyara dandalin da shi. Namu ne kamar yadda yake na Kabawa.

Shigowar gwamnati ta kawo kuɗi da suna. Aka mai da bikin kwana huɗu, a watan Fabrairu ko Maris, da kokawa da dambe da kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Rana ta ƙarshe a harba bindiga, masunta su ruga, a ba su kamar sa'a guda, wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi ya ɗauki kyauta. A 2005 kifin da ya ci ya kai kilo 75. Amma inda kyauta ta yi tsoka, kwaɗayi ba ya nisa. A 2008 aka gano cewa kifin da aka ba lambar farko ba a Matan Fada aka kama shi ba, matacce aka shigo da shi daga wani ruwa, aka ƙwace kyautar, maganar ta kai ga hukuma.

Babbar barazanar ba daga masunta ta zo ba, daga sama ta gangaro. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a shekarun 1980. An yi su ne don noman rani, kuma sun amfani wasu. Amma ambaliyar shekara-shekara da ke shimfiɗa ruwa a fadama, inda kifi ke ƙwai, shinkafar gargajiya ke tsiro, ta ragu, ta kuma daina zuwa a kan lokacinta. Yashi ya cike gurbin gulbi. Har ta kai ana jiran a sako ruwa daga madatsa kafin a yi biki, a 2006 ma ƙarancin ruwa ya hana shiga su. Wani lokaci kuma abin ya zo da yawa, kamar ambaliyar 2010 da ta 2020 da suka cinye gonaki. Fadamar da ta gagari Askiya da Ɗanyen Kasko, yau makullinta yana hannun ma'aikacin madatsa.

Shekara goma shiru, da abin da ya biyo baya

Bayan bikin 2009 aka dakatar, aka ce saboda matsalar tsaro a Arewa. Shekara goma cur ba a yi ba. Wanda ya leƙa Ƙauyen Masunta a tsakanin nan ya ga abin da ke faruwa da wurin da aka gina don kwana huɗu kacal a shekara: fenti ya kwaɓe, ciyawa ta rufe hanya, awaki suka gaji rumfunan manyan baƙi. Abin mamaki, a cikin wannan shirun ne, a ƙarshen 2016 a Adis Ababa, hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A 2017 kuma aka buɗe katafaren injin casar shinkafa na WACOT a garin, alamar cewa arzikin fadama bai ƙare ba. A Maris 2020, zamanin Sarki Sama'ila Muhammadu Mera, aka dawo da bikin, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo, aka kama kifi mai kilo 78. Makonni kaɗan bayan haka annobar korona ta sa aka rufe ƙasa.

Hukuncina a kan yadda hukumomi suka riƙe wurin nan shi ne, sun ɗauke shi zauren taro, ba su ɗauke shi wurin tarihi ba. Sai biki ya matso ake ganin masu fenti da masu share fili, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Sauran kwanakin shekara babu abin da zai sa malamin makaranta daga Jega ya ɗebo ɗalibansa ya kawo su, babu wanda zai tsaya da su a bakin ruwa ya ce musu ga inda aka yi kaza. Ɗalibin jami'ar Aliero, wadda aka kafa tun 2006, yana iya gama karatunsa bai taɓa jin sunan Lafiyar Toga ba.

Roƙona ga gwamnatin Jihar Kebbi da masarautun Gwandu da Argungu bai da tsada. A bar Ƙauyen Masunta a buɗe duk shekara, da inuwa da wurin zama da mai ba da bayani. A yashe Matan Fada, a kuma zauna da masu kula da madatsun sama a kan lokacin sakin ruwa. Sannan a kafa allo da rubutun boko da na ajami a Alwasa, da Kimba, da kufan Gimbana, ɗauke da shekarar abin da ya faru a kowane wuri, tun dattawan da za su iya nuna ainihin gurbin suna raye.